ZIYARAR TSOFAFFIN MAƘABARTU DA SANIN ASALI A MA'AUNIN SUNNA

(Matanin laccar da aka gabatar a zaman wa'azinmu na wata-wata)

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai rayawa Mai kashewa, Wanda Ya halicce mu daga ƙasa, kuma cikinta zai mayar da mu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Abin da ya jawo wannan lacca tambaya ce da ta yi ta zuwa mana daga matasa. Suna cewa: mun ji kuna hana gini a kan kabari, kuna hana neman tabarruki da ƙasarsa, to shin haramun ne mutum ya shiga tsohuwar maƙabartar garinsu ya nemi inda kakansa yake kwance? Idan ya tarar da tsohon dutse mai rubutu, ya karanta ko ya kau da kai? Wasu kuma abokan jayayya sun daɗe suna jifanmu da cewa mu mutane ne marasa mutunta magabata, masu son shafe tarihi. Wajibi ne mu amsa wa duka biyun da hujja, domin a wannan babi mutane sun rabu gida biyu, kowanne ya kauce. Wasu sun wuce gona da iri har suna roƙon mai kabari abin da ba a roƙon kowa sai Allah. Wasu kuma sun yi sakaci har maƙabartar iyayensu ta koma bola. Sunna tana tsakanin waɗannan biyun.

ZIYARAR KABARI SUNNA CE

Imamu Muslim ya ruwaito daga Buraida (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana ziyarar kaburbura da farko, daga baya ya yi umarni da a ziyarce su. Malamai sun bayyana cewa hanin farko ya zo ne lokacin da mutane ba su daɗe da barin jahiliyya ba, zukata ba su gama wankuwa daga girmama matattu ba. Da tauhidi ya kafu sai aka buɗe ƙofa, aka kuma faɗi dalili, wato tuna mutuwa da Lahira.

Shi kansa Manzon Allah (S.A.W.) ya aikata. Nana A'isha (R.A.) ta ba da labarin yadda yake fita a ƙarshen dare zuwa Baƙi'a, ya yi wa mutanenta sallama ya roƙa musu gafara. Uƙbatu ɗan Amir (R.A.) ya ruwaito cewa ya yi wa shahidan Uhudu addu'a bayan shekara takwas da rasuwarsu, kamar mai bankwana da rayayyu da matattu. Ya kuma ziyarci kabarin mahaifiyarsa, Aminatu 'yar Wahabu, wadda ta rasu a Abwa'i yana ɗan shekara shida, ya yi kuka har waɗanda ke tare da shi suka yi kuka.

Ke nan manufar ziyara guda biyu ce: mai ziyara ya wa'aztu, wanda aka ziyarta ya samu addu'a. Mamaci shi ne mabuƙaci, domin aikinsa ya yanke, mu ne masu kai masa, ba shi ne mai ba mu ba. Duk ziyarar da ta juya wannan tsari, ta mai da rayayye maroƙi mamaci kuma abin roƙo, ta fita daga Sunna.

DUTSEN USMANU ƊAN MAZ'UN

Ga masu tambaya kan sanin kabarin dangi, akwai ƙissa a Sunanu Abi Dawuda da ta isa amsa. Usmanu ɗan Maz'un (R.A.) shi ne farkon wanda ya rasu a Madina daga cikin Muhajirai, aka binne shi a Baƙi'a. Da aka gama rufe shi sai Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci wani mutum ya kawo dutse, mutumin ya kasa ɗauka. Sai ya tashi da kansa, ya naɗe hannun rigarsa, ya ɗauko dutsen ya ajiye wajen kan mamacin. Ya kuma faɗi dalilinsa: domin ya riƙa gane kabarin ɗan'uwansa, kuma ya binne waɗanda suka rasu daga iyalinsa kusa da shi. Malaman tarihi sun ambata cewa da ɗansa Ibrahim ya rasu a shekara ta 10 bayan Hijira, a nan kusa aka binne shi.

Mu lura da abin da ke cikin wannan ƙissa. Sanin kabarin ɗan'uwa abu ne da Shari'a ta yarda da shi. Tara dangi a wuri ɗaya cikin maƙabartar Musulmi ya halatta. Amma alamar dutse ce kawai, ba gini, ba ƙubba, ba ado.

Iyakar kuwa ta zo a hadisin Jabir (R.A.) cikin Sahihu Muslim, inda aka hana shafe kabari da farar ƙasa, da zama a kansa, da yin gini a kansa. A ruwayar Tirmizi da Nasa'i an ƙara da hana rubutu. Imamul Hakim, bayan ya kawo wannan hadisi a Mustadrak, ya ce ba a kansa aiki yake ba, domin shugabannin Musulmi gabas da yamma akwai rubutu a kaburburansu. Sai Imamuz Zahabi ya mayar masa da cewa wannan abu ne da aka fare shi daga baya, ba a san wani sahabi da ya aikata ba. Wasu malamai sun sassauta a kan rubuta suna kaɗai don ganewa, amma abin da ya fi kuɓuta shi ne barin rubutun.

Kada wani ya ce wannan baƙon ra'ayi ne da aka shigo da shi. Mu buɗe littattafan da muka tashi muka tarar ana karantawa a zaurukanmu. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta karhanta gini a kan kabari da shafe shi. Muhtasar na Shaihu Halil ya karhanta haka, ya ce idan don alfahari ne ya haramta, sannan ya halatta abin ganewa kamar dutse ko itace, da sharaɗin babu zane a jiki. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, a Ihya'us Sunna, ya keɓe babi ga sha'anin jana'iza da maƙabartu yana rarrabe Sunna daga bidi'a. Kiran da muke yi shi ne a koma ga abin da ke cikin littattafan nan.

Dalilin tsanantawar kuwa sananne ne. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas (R.A.) cewa gumakan nan biyar da aka ambata a Suratu Nuhu sunayen mutanen kirki ne. Da suka mutu aka kafa musu alamu don tunawa, da masu sani suka shuɗe, ilmi ya gushe, sai aka bauta musu. Da niyyar tunawa aka fara, a shirka aka ƙare. Shi ya sa har a ciwon ajalinsa Manzon Allah (S.A.W.) yana gargaɗi kan mai da kaburbura wuraren sujada.

TO, DUWATSUN DA AKA RIGA AKA RUBUTA FA?

A nan sai mu rarrabe tsakanin hukuncin yin abu da hukuncin amfana da labarin da ke cikinsa bayan an riga an yi. Ba mu kira kowa ya sassaƙa wa mahaifinsa dutse ba. Amma dutsen da ya kwana ɗaruruwan shekaru shaida ne na tarihi, karanta shi kuwa kamar karanta tsohuwar wasiƙa ne. Malaman Musulunci sun yi haka. Taƙiyyuddin Alfasi, masanin tarihin Makka wanda ya rasu a shekara ta 832 Hijira, ya ɗauko shekarun rasuwar mutane da dama a littafinsa Al'iƙdus Samin daga duwatsun maƙabartar Mu'alla.

A Gidan Tarihin Fasahar Musulunci da ke Alƙahira akwai dutsen kabarin wani mutum mai suna Abdurrahman ɗan Hair, ɗauke da shekara ta 31 Hijira, wato 652 Miladiyya, zamanin halifancin Sayyidina Usmanu (R.A.). Masana suna duba shi don sanin yadda rubutun Larabci yake a ƙarnin farko.

Kusa da mu kuma, a Gao-Sane ta ƙasar Mali, an gano wasu duwatsun kaburburan sarakuna a 1939. Wasunsu na marmara ne, masana sun tabbatar an sassaƙa su a birnin Almeriya na Andalus, aka ratso Sahara da su. Ɗaya na sarki Abu Abdullahi Muhammadu ne, wanda ya rasu a 494 Hijira, wato 1100 Miladiyya. Na bayansa ana kiransa Abubakar ɗan Abu Ƙuhafa, ya rasu a 1110. Na uku Umar ɗan Haɗɗabi, ya rasu a 1120. Ku duba yadda sarakuna uku a jere, a bakin kogin Neja, suka ɗauki sunan Annabi (S.A.W.) da na halifofinsa biyu na farko. Wannan shaida ta riga littafin Tarihus Sudan na Abdurrahman Assa'adi da sama da shekara 500. Duk wanda ya ce Musulunci baƙo ne a ƙasashen baƙar fata, duwatsun nan sun ƙaryata shi.

Akwai darasi na biyu. A ƙarshen ƙarni na 19 an kwashe ɗimbin duwatsu daga tsohuwar maƙabartar Aswan ta Masar aka kai Alƙahira, ba tare da an rubuta wane dutse aka cire daga wane kabari ba. Duwatsun sun tsira, amma an raba suna da mai suna har abada. Saboda haka wanda ya tarar da tsohon dutse ya kwafi abin da ke jiki a takarda, ya bar shi inda ya gan shi.

Sai kuma gargaɗi ga masu zafin kai. Gaskiya ne Sayyidina Aliyu (R.A.) ya aiki Abul Hayyaj Al'asadi ya daidaita duk kabarin da aka ɗaga, kamar yadda Manzon Allah (S.A.W.) ya aike shi. Amma mu duba wa ya aika: shugaba ne mai iko. Ƙubbobin Baƙi'a ma hukuma ce ta sauke su a 1344 Hijira, wato 1926. Ba aikin ɗaiɗaikun mutane ba ne su ɗauki diga su faɗa wa hubbare. Mun ga abin da ya faru a Tambutu a 2012, lokacin da masu ɗauke da makamai suka rushe hubbarorin malamai, sannan a Janairun 2013 aka cinna wa littattafai wuta a Cibiyar Ahmad Baba. A 2016 kotun duniya ta ɗaure ɗaya daga cikinsu shekara tara, an kuma sake gina hubbarorin. Bidi'ar ba ta gushe ba, littattafan Musulunci sun ƙone, maƙiya kuma sun samu abin faɗa. Mu makaminmu karantarwa ne. Idan aƙida ta gyaru a zuciya, ƙafa da kanta za ta daina zuwa roƙon kabari.

ME YA SA SANIN ASALI YA ZAMA DOLE?

Wani zai ce, mene ne ruwan mai wa'azi da tarihin dangi? Ruwansa ne ƙwarai. Allah (S.W.T.) Ya bayyana a Suratul Hujurat cewa Ya sanya mu al'ummu da ƙabilu ne domin mu san juna, fifiko kuwa yana ga taƙawa. Tirmizi ya ruwaito umarnin a koyi abin da za a sada zumunci da shi daga nasaba. Hukunce-hukunce da yawa sun rataya a kan wannan ilmi.

Ɗauki rabon gado. Gidaje nawa ne a garuruwanmu aka bari ba a raba ba har jikoki suka tsufa? Ranar da aka zo rabo, tambayar farko da alƙali zai yi ita ce: wa ya riga wa rasuwa? Idan ɗa ya riga ubansa mutuwa, 'ya'yansa ba su da rabo tare da baffanninsu. Idan kuwa uban ne ya riga shi, ko da da yini ɗaya, to kasonsa ya tabbata, ya gangaro ga magadansa. Idan babu wanda ya riƙe wannan, sai a shiga rantsuwa a kan zato, a ci haƙƙin marayu, zumunci ya tsinke. Ɗauki aure kuma. Shayarwa tana haramta abin da nasaba ke haramtawa, kuma sau da yawa tsohuwa ɗaya ce a gida ta san wa ya sha nonon wa. Ranar da aka ɗauki makararta, ilmin ya bi ta.

Akwai kuma danginmu da suka yi nisa. Bayan yaƙin Burmi a watan Yulin 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Kafin su da bayansu alhazai masu tafiyar ƙasa sun bi wannan hanya, wasu suka rasu a Chadi, wasu a Sudan, wasu a Hijaz. Haka fataken goro da suka zauna a Salaga da Kumasi. Gidaje da yawa a nan suna da reshe a can, kuma abin da ya rage tsakaninsu suna ne da tsofaffi ke ambata. Zumunta a ƙafa take, amma ƙafa ba ta zuwa inda ba ta sani ba.

Sai dai mu kiyayi cutar da ke bin wannan ilmi, wato alfahari. Wasu malaman tafsiri sun ambata, a bayanin Suratut Takasur, cewa wasu gidaje biyu sun yi gasar yawa, da suka gama ƙirga rayayyu sai suka koma ƙirga na cikin kaburbura. Wanda ya shiga maƙabarta don ya dawo yana cewa kakana sarki ne, kakan wane bawa ne, ya koma gida da zunubi. Kabari ya daidaita kowa. Sarki Fahad na Saudiyya a 2005 da Sarki Abdullahi a 2015 an binne su a maƙabartar Al'ud ta Riyad cikin kaburbura marasa suna. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010 maƙabartar Ɗanmarna aka kai shi a Katsina, cikin jama'ar gari. Likkafani ba shi da aljihu.

HALIN DA MAƘABARTUNMU KE CIKI

Yanzu mu juyo kan kanmu, domin a nan ne laifinmu yake. Mun yi wa'azi mai yawa kan abin da ba a yi wa kabari, mun taƙaita kan haƙƙin da yake da shi. Muslim ya ruwaito cewa zama a kan garwashin wuta ya fi wa mutum sauƙi a kan zama bisa kabari. Abu Dawuda ya ruwaito cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Shaihu Halil ya bayyana cewa kabari hubusi ne ga mai shi, ba a tafiya a kansa, ba a tone shi matuƙar yana ciki.

To mu auna wannan da abin da idanunmu ke gani. Tsofaffin maƙabartu da gari ya cim musu, an mai da su wurin zubar da shara da bahaya. Dabbobi na kiwo a ciki, yara na buga ƙwallo, 'yan shaye-shaye sun samu mafaka. Damina ta zo kaburbura su rufta, zaizayar ƙasa ta fito da ƙasusuwa, babu mai mayar da ƙasa. Mafi muni, dillalan filaye suna yankar gefe suna sayarwa, Musulmi ya haƙa harsashin gini ya ci karo da itacen kabari da fasassun tukwane, ya kau da kai ya ci gaba. Wanda bai san kakarsa na kwance a wurin ba, ba zai ji zafin wannan ba. Jahiltar asali ita ce ta sauƙaƙa cin maƙabarta.

ABIN DA MUKE KIRA A YI

Na farko, kowane magidanci ya sayi littafi ya zauna gaban tsofaffin gidansu, musamman iyaye mata, domin su ne suka fi riƙe nasaba. Ya rubuta sunaye, da aure, da shayarwa, da garin da aka fito, da shekarar rasuwa da maƙabartar da aka binne kowa. Inda ba a san shekara ba a rubuta abin da tsofaffi ke ƙirge da shi, kamar zamanin sarki wane, ko shekarar yunwa kaza. Wanda yake da waya mai naɗar murya ya naɗa. Rubutun da aka hana a kan kabari ba a hana shi a takarda ba, kuma haka magabata suka yi, irin su Ibnu Hallikan a Wafayatul A'ayan da Ahmad Baba a Nailul Ibtihaj.

Na biyu, kowane reshe ya haɗa kai da masu unguwanni da masu haƙar kabari a buɗe rajista: sunan mamaci, ranar rasuwa, da layin da yake. A sa alamar layi a jikin katanga, kabarin kuma a bar shi da dutsensa. Masu haƙar nan bayin Allah ne da suka san wurin kowa, a girmama su, a kyautata musu.

Na uku, a yi gayya kafin damina da bayanta, a cike ramuka, a gyara magudanar ruwa, a kewaye wurin, a nemi hukuma ta ba da takardar shaidar iyakarsa. Wannan aiki ne da za mu yi tare da kowane Musulmi, ko da mun saɓa da shi a wasu mas'aloli, domin iyayenmu da nasu suna kwance kafaɗa da kafaɗa.

Na huɗu, mu riƙa zuwa da 'ya'yanmu. Mu koya musu sallamar da ta zo a Sunna, da cire takalmi idan za a ratsa tsakanin kaburbura in babu ƙaya ko zafin ƙasa, da barin taka kabari. Mu nuna musu cewa nan kakanku yake, ku roƙa masa gafara, kada ku roƙe shi komai. Ba a shafar kabari, ba a ɗibar ƙasarsa, ba a salla ana fuskantarsa, ba a yanka ko bakance a wurin, ba a ɗaura niyyar doguwar tafiya ta ibada sai zuwa masallatai uku. Amma wanda zumunci ko wata buƙata ta kai shi garin kakanninsa, ya shiga maƙabartarsu ya yi musu addu'a.

Ya ku 'yan'uwa, mutanen da ke cikin waɗannan ramuka sun yi noma, sun yi fatauci, sun yi rigima a kan iyakar gona kamar yadda muke yi. Yau ga su shiru, ba abin da ke isa gare su sai sadaka mai gudana, ko ilmi mai amfani, ko ɗa nagari mai addu'a. Gobe mu ne a wurin. Yadda muka koya wa 'ya'yanmu su riƙe na gabanmu, haka za su riƙe mu.

Allah Ya gafarta wa iyayenmu da kakanninmu da malamanmu, Ya haskaka kaburburansu, Ya tsare mu daga shirka da bidi'a, Ya kyautata namu zuwan. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa.